Minti Ashirin na Fatur

Masana'antar sukari,
3 ga Janairu.

Zuwa ga uwargida Asabe,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara da duk mutanen Abu Hujar. Ya ƙafar taki? Ki gaida yayanki Alamin, ki ce masa zaman gona ya fi masa, tunda tukunyar sukari ta gagare shi.

Mun yi baƙuwa daga Wad Madani, wata injiniya mai suna Ibtisam. Ta kafa mana allon kwamfuta, shasha suke ce masa. Agogunan nan goma sha biyu da nake bi ɗaya-ɗaya, na zafi da tururi da ruwa da kauri, duk ta haɗa su a zane guda kamar faifai. In komai daidai ne sai ya zauna zagaye, in an samu matsala ya karkace. Na yi dariya. Shekara ashirin da shida ina dafa sukari, da yatsa biyu nake gane ya nuna, yau faifai zai koya mini aiki?

Mijinki,
Mahmudu

19 ga Janairu.

Asabe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta.

Kin san a nan ba mai cin fatur, wato karin kumallo, shi kaɗai. Ƙarfe goma muke zagaye tire ɗaya na dafaffen waken ful. Don kada tukunya ta tumbatsa ina wajen ci, nakan rage tururi kaɗan, in ƙara ruwa kaɗan. Minti ashirin kacal. Kowane agogo yana cikin iyakarsa, na sha dubawa.

Jiya Ibtisam ta kira ni gefe, cikin ladabi, ta zuba tsofaffin bayanai na shekara uku a shashar. Kullum ƙarfe goma faifan sai ya lotsa. Ta ce rage tururin da ƙara ruwan, kowannensu shi kaɗai ba laifi, haɗuwarsu ce ke ɓata ƙwayar sukari, kuma ɓarnar ba ta fitowa sai an sauke tukunyar da yamma.

Asabe, wa ke saukewa da yamma a lokacin? Alamin. Innalillahi! Abin da aka kore shi a kai bara, ni na yi shi. Ni da na tsaya a zaurenmu ina cewa sakacinsa ne.

Ban gama dawowa hayyacina ba ta nuna mini abu na biyu. Kowace rana da ya karɓi aiki, abin da yake fara taɓawa shi ne tururin nan da ruwan nan, yana ƙoƙarin gyara ɓarnata. Ashe ya sani. Ya sani ranar da manaja ya tsare shi da tambaya, bai ambaci sunana ba. Ya sani ranar Sallah da muka sa hannu a kwano ɗaya ina yi masa gori, shi kuwa yana tura mini tsokar nama.

Yau da safe na shiga wurin manaja na faɗi komai. Ban san me za su yi da ni ba, kuma wallahi ba shi ne ya dame ni ba. Ƙarfe goma aka kira ni fatur, na ce su ci, ina wajen tukunya.

Ina zuwa ranar Juma'a. Kada ki gaya masa komai, da bakina na ci mutuncinsa, da shi zan roƙe shi. Amma gaisuwar nan da na ba ki a wasiƙar farko, in ba ki isar ba tukuna, don girman Allah ki bar ta.

Mijinki mai jin kunyarki,
Mahmudu