Filashin da ya ƙi buɗewa, da fuskokin da nake nema a cikinsa

Zuwa ga mai kula da wannan fili,

Ina neman taimakonka, kuma ina roƙon ka karanta wasiƙar nan har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci. Tambayata ta kwamfuta ce, amma ba zan ɓoye maka abin da ke bayanta ba, domin magani a kan rabin bayani cuta ne.

Ni likitan ƙashi ne, na yi shekara talatin da ɗaya ina tiyata kafin in ajiye aiki. Yau kwana arba'in da shida ke nan da aka kashe ɗana na fari, yana da shekara ashirin da tara. Yana aiki ne a wani babban sito na kayan gini, shi ke kula da kyamarorin tsaro da na'urar da ke adana abin da suka ɗauka. Kamfanin ya rubuto mana cewa daga tsani ya faɗo yana gyaran kyamara.

Na shiga ɗakin ajiye gawa da ƙafata, na yaye mayafin da hannuna. Wanda ya faɗo daga tsani gefe guda yake karyewa. Ɗana hannuwansa biyu sun karye tsakanin gwiwa da wuyan hannu, irin karayar wanda ya ɗaga su yana kare fuskarsa. Haƙarƙari biyar a dama, uku a hagu. A gadon bayansa akwai shatin duka, layi biyu-biyu a jere, irin wanda bututun ƙarfe ke bari. Na ƙirga goma sha huɗu, sai na daina. Ƙeyarsa ta lotsa. Yatsunsa uku an murje su da takalmi mai nauyi. Na mayar da mayafin, na wanke hannuna, na gode wa ma'aikacin ɗakin. Ban zubar da hawaye ba, kuma har yau ban zubar ba.

A rana ta uku, abokin aikinsa ya zo mana gaisuwa. Da muka yi musabaha, sai na ji ya bar mini wani abu a tafin hannu: filashi ne na adana bayanan kwamfuta, ƙarami, baƙi. A bakin ƙofa ya shaida mini cewa masu gadi ne suka yi wannan aiki a bayan sito da rana tsaka, bayan ɗana ya ƙi goge wani abu da kyamara ta ɗauka. Ya ce ya kwafi bidiyon ranar kafin a share na'urar, kuma babu wani kwafi a duniya sai wannan. Tun daga ranar wayarsa a kashe take.

Ba ni da kwamfuta sai ta marigayin, wadda ya ɗora wa manhajar Linux, kuma ƙanwarsa ta san kalmar sirrin shiga. Yakan tsokane ni cewa ina iya tsaga cinyar mutum in dasa ƙarfe, amma fayil ɗaya sai na kira shi a waya. Yana da gaskiya. Na soka filashin, fitilarsa ta yi ta ƙiftawa, amma babu abin da ya bayyana a allo. Na gwada kafofi uku na kwamfutar, duk haka. Na ɗauko nawa filashin mai tsofaffin laccocina, shi ma shiru. Na yi mako biyu ina karatu a intanet kamar mai shirin jarrabawa. Na koyi rubuta umarnin lsblk, wanda ya nuna mini filashin da sunan sdb, da sashensa sdb1, da girmansa daidai, sai dai ba a buɗe yake ba. Wani ya ba da shawarar a yi masa gyara da umarnin fsck, wani ya ce a share shi gaba ɗaya a sabunta. Na zaɓi abin da na ga ya fi ƙarancin haɗari: na ƙara layi guda a fayil ɗin fstab, domin kwamfutar ta riƙa buɗe sdb1 da kanta idan ta tashi. Daga nan na zare filashin, domin ba ya barin aljihun rigata, na sake kunna kwamfutar. Ta yi minti ɗaya da rabi tana ƙirge, sannan ta tsaya a baƙin allo mai maganar yanayin gaggawa.

Abin da ya biyo baya ba na alfahari da shi. Na kai wa gilashin kabad ɗin littattafaina naushi, hannuna ya shige har gwiwa. Na ɗaga kujera na maka ta da bango har ƙafafunta suka rabu. Na ɗauko guduma na tsaya a kan kwamfutar, ban san tsawon lokacin ba. Mahaifiyar marigayin tana bakin ƙofa tana kallona. Shekara talatin da uku ba ta taɓa jin na ɗaga murya ba. Na ajiye gudumar, na zauna na ɗinke hannuna da kaina, ɗinki tara, ba allurar kashe zafi.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ainihin. Sau huɗu ina zuwa ƙofar siton da la'asar, in ajiye mota a tsallaken titi, in zauna ina kallon masu gadin. Su shida ne. Suna shan lemo, suna dariya, ɗayansu yana rataye da bututun ƙarfe a kafaɗa kamar sandar kiwo. Kayan tiyatana na nan a ƙarƙashin kujerar motar. Na san inda jijiyar wuya take, na san daƙiƙa nawa take ɗauka. Abin da ya hana ni fita shi ne ban san wanne ne a cikinsu ba, kuma ni ban taɓa yanka inda ban tabbatar ba. Filashin nan ne zai nuna mini.

Saboda haka ka gaya mini yadda zan tayar da kwamfutar, da dalilin da ya sa ba ta buɗe filashi da kanta. Ina zaton idan na mayar da shi na kunna ta, za ta tashi. Ban gwada ba tukuna. Kada ka ce in yi haƙuri. Kawunnansa da gwaggonninsa sun faɗa mini sau ɗari.

Uban marigayi

*

Likita, ranka ya daɗe,

Allah Ya jiƙan ɗanka, Ya haskaka makwancinsa. Ba zan ce ka yi haƙuri ba. Abin da zan fara cewa ya fi gaggawa: kada ka mayar da filashin nan cikin kwamfutar. Zatonka daidai ne, za ta tashi, kuma nan tarkon yake. Layin da ka rubuta zai sa ta buɗe shi da izinin rubutu a kansa.

Ga abin da bayaninka ya nuna. Tun da lsblk ya ga filashin da girmansa, kafar kwamfutar lafiya take, kuma filashin bai mutu ba. Tun da naka ma bai buɗe ba, matsalar ba daga wancan take ba. Mafi kusa da gaskiya, ɗanka ne da kansa ya kashe saitin da ke buɗe filashi kai tsaye, kamar yadda masu irin aikinsa kan yi. Dalilinsu kuwa, kwamfuta idan ta buɗe filashi takan taɓa shi: ta sauya kwanan wata, ta bar alamar cewa ta shiga. Wannan ɗan taɓin ya ishi lauyan kamfani ya miƙe a kotu ya ce an yi wa bidiyon kwaskwarima a gidan uban mamaci. Da ka bi shawarar fsck, da wataƙila abin ya fi haka muni. Taka-tsantsan ɗin ɗanka ne ya tsare shaidar nan daga hannunka har mako shida.

Gyaran kwamfutar ba wuya. Fayil ɗin fstab jerin abubuwan da ke zaune daram a cikinta ne. Abin da ya faru, ka sa mata sunan abin da ke aljihunka, ta jira shi, bai zo ba, ta tsaya. Ka bar filashin a wani ɗaki. A baƙin allon nan ka shiga yadda ta umarta, ka buɗe fayil ɗin, ka sa alamar # a farkon layin da ka ƙara, ka adana, ka sake kunnawa. Idan ta nemi kalmar sirrin da ba ku da ita, duk wanda ya san Linux zai tayar da ita daga wani filashi daban ya yi maka wannan cikin minti goma. Saitin ɗanka kuma ka bar shi yadda ya bar shi.

Filashin kuwa, lauya za ka kai wa, gobe da safe. Shi zai nemo ƙwararren da ke da na'urar hana rubutu, a kwafe shi ɗungurungum a gaban shaidu, a fitar da lambar da ke tabbatar da cewa kwafin bai bambanta da asali ba. A yi kwafi uku, a ajiye a hannu uku. Ka zauna yau ka rubuta duk raunin da ka gani, da kwanan wata, sannan ku nemi wani likita ya duba rahoton asibiti, domin kai uba ne, za a ce zuciya ce ke magana. Sunan abokin aikin nan kuma kada ya wuce kunnen lauya. Ya sa wuyansa a kan wuƙa dominku.

Ba zan yaudare ka ba. Shari'a na iya jan ƙafa, kamfani na da dogon hannu, kuma mai yiwuwa bidiyon bai fito da fuskoki yadda kake so ba. Idan ba ka yarda da kotu ba, rashin yardarka na da tushe. Amma ka auna ɗaya gefen da irin ma'aunin da ka saba. Masu gadi hannu ne kawai. Akwai wanda ya ce a goge, akwai wanda ya rubuta maganar tsani. Wuƙarka mutum ɗaya za ta samu, ta wanke sauran. Ranar da ka tsallaka titin nan, bidiyon da ya kamata ya ɗaure su shi za a kunna a kotu don a nuna dalilinka na kisa, iyalinka kuma su zauna a benci suna kallon mutuwar ɗansu a matsayin hujja a kanka.

Ka fito da kayan tiyatar daga mota yau, ka damƙa wa mahaifiyar ɗanka tare da makullin motar, ka gaya mata inda kake zuwa da la'asar. Ka kuma nemi wani tsohon abokin aikinka da ka yarda da shi, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini, baki da baki. Ranar da za a buɗe bidiyon kana da haƙƙin gani, amma kada ka kalla kai kaɗai.

Allah Ya bayyana gaskiyar ɗanka a bainar jama'a, Ya sa kana tsaye da ƙafafunka, hannunka ba jinin kowa, ranar da za a karanta musu hukunci.

Mai kula da fili