Jan Sama da Takalmi a Hannu

Litinin, 13 ga Mayu, 2024
Malam Gershon, shugaban makarantarmu, ya ba ni aiki. Wata ƙungiya ta aiko da fim a kan aurora, hasken nan da ke rawa a saman ƙasashen ƙanƙara. Wai malamar jogurafi, wato ni, ta kalla, ta faɗa musu ko yaranmu za su ga irinsu a ciki, kafin a nuna wa 'yan SS2 ranar Juma'a. Na ce masa wannan ai kamar shan ruwa ne. Ni Faustina da saurin baki.

Talata, 14 ga Mayu
Na kalla a ofishin malamai. Turawa, 'yan Japan, wata tsohuwa mai kiwon wata irin barewa. Baƙin mutum ɗaya tal, direban bas, bai ce uffan ba. Har ina dariya.

Sai koren hasken ya koma ja. Ja ta bayan tsauni, sak yadda sama ta yi ta bayan dutsen ƙauyenmu ranar da aka ƙone shi. Su mutanen cikin fim ɗin suna tafi. Ni na tsinci kaina a bakin ƙofa, takalmi a hannu.

Laraba, 15 ga Mayu
Abinci ya ƙi shiga. Ranar da aka ƙone ƙauyenmu, ƙanena Silvanus tsayawa ya yi yana kallon jan nan, wai bari ya ga ta ina ne. Mu da muka cire takalmi muka gudu, mu muka rayu. Tun ranar, rana na shirin faɗuwa nake sakin labule.

Yesu, ina tsoro.

Alhamis, 16 ga Mayu
Na roƙi Malam Gershon a fasa. Ya ce, "Madam, ba bindiga a ciki fa, haske ne kawai." Kunya ta hana ni bayani.

Sa'adiya, malamar lissafi, ta zauna muka sake kallo. Jan na fitowa ta laluba mayafinta. Ta ce a unguwarsu ma, in sama ta yi haka, kowa yaransa yake nema. Ashe abin da babu a fim ɗin ke nan. Sun tara fuskoki iri-iri, amma ba ko mutum ɗaya da ya ga jan sama ya tuna gida.

Rabin ajina daga irin ƙauyenmu suka fito. In na ruga a gabansu fa?

Juma'a, 17 ga Mayu
An nuna. Kafin nan na gaya wa yaran cewa sama za ta yi ja, ba gidan kowa ke ci da wuta ba, ƙofa kuma a buɗe take. Da jan ya zo na riƙe teburi har yatsuna suka yi zafi. Wasu sun fita. Regina, wadda ke zaune gun gwaggonta tun da aka tashi ƙauyensu, ta dawo ta tsaya a ƙofa.

"Ma, wato ba wanda ya mutu a ƙarƙashinsa?"

Na ce ko ɗaya. Ta ce a mayar baya ta gani.

Tambayarta na ce Malam Gershon ya kai wa ƙungiyar.

Lahadi, 19 ga Mayu
Ruwa ya ɗauke da yamma, sama ta yi ja. Ina kwashe shanya ne, hannuna cike da kaya, shi ya sa ban shiga sakin labule ba. Gabana ya faɗi dai. Na daɗe a tsaye. Takalmina na ƙafata.