Waya Mai Jan Zare

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Ya aikin gareji, ya Anti Hauwa da jikin Ummi? Mu ma lafiya, sai dai hankalinmu ba a kwance yake ba.

Yaya, ruwan kogi ya fara ratso jinga. Maƙwabta sun kwashe zuwa Haɗeja. Mu kuwa akori-kurar Baba ta ƙi tashi, ga shinkafa a zaure, ga Kaka ba ta iya takawa.

Jiya Baba ya canza wa motar fulogi da kansa a ƙofar gida. Da na kai masa ruwan sha, na ga ya cire wayoyin fulogin guda huɗu gaba ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya yadda kake yi ba. Wayar da ka ɗaura wa jan zare, wadda ka ce ita ce ta farko, sai ya sa ta a gurbi na uku. Tun lokacin motar sai tari da harbi. Abokansa na zaune, na kasa buɗe baki. Da na gaya wa Inna, cewa ta yi, "Ke, yaushe kika zama bakanike?"

Don Allah da zarar direban da na ba saƙo ya miƙa maka takardar nan, ka kira Baba ka tambaye shi jan zaren, kamar kai ka tuna. Kada ka ambace ni.

Ka gaida mutanen gida, ku sa mu a addu'a. Yanzu na leƙa waje, ruwan ya taɓa tayar baya.

Ƙanwarka,
Habiba