Kwanson Bam Ɗin da Hambali Ya Gasa Tsire a Ciki

Danau Kota, Kuala Lumpur
Yuni, 2021

Zuwa ga maiɗakina Ɗelu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Zuhra da Fatihu. Yaya ƙafar Iya? Ki gaishe ta da kyau. Da hannu nake rubuta miki, in ɗauki hoton takardar in turo, don har yanzu numfashina ba ya kai ni doguwar magana a waya.

An sallamo ni daga asibiti, alhamdu lillahi. Korona ta kayar da ni amma ba ta tafi da ni ba, ko da yake akwai wanda ya yi lissafin ta tafi.

Kin san kwanson nan da nake ce wa babban yaya. Shi ne wanda jiragen Jamus suke ɗurawa ƙananan bama-bamai a yaƙin duniya na biyu, in an sako shi ya buɗe gida biyu a sama. Fanko ne, babu komai a ciki, hukuma ma ta duba shi kafin ya shigo ƙasar. Sauran kwansunan da ke shagona na masu tara kayan tarihi ne, in gyara su zo su ɗauka. Wannan kuwa nawa ne, ni Ubale, da na baro Kano da akwatin spana da takardar sakandare. Shekara biyu ina binsa da ɗan burushi ina cire tsatsa, ban taɓa fentinsa na asali ba, har rubutun Jamusawa ya fito ana karantawa. A wannan sana'a fentin asali shi ne komai. Kowa na iya fesa sabo.

Ranar da motar asibiti ta zo, ƙaninki Hambali na miƙa wa makulli. Abu ɗaya na roƙe shi: ya riƙa leƙawa yana shafa wa ƙarfen kakin zuma, domin damshin garin nan ba ya raga wa ƙarfe.

Da aka sallamo ni, na buɗe shago na tarar da rabin kwanson kawai. Na kira shi, ya ce ya adana mini ɗayan. Jiya Ernest maƙwabcina, mutumin Jos, ya kawo mini tsire ya ce in ci in yi ƙarfi, na Hambali ne, duk 'yan Najeriyar unguwa wurinsa suke tapau yanzu, wato su saya su tafi da shi gida. Har ya nuna mini hoton murhun a waya, yana yaba kyansa.

Ɗelu, a cikin rabin kwansona yake zuba gawayi.

Ban ci naman ba. Ki gaishe da yara.

Mijinki,
Ubale


Danau Kota
Yuli, 2021

Zuwa ga Ɗelu,

Sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Ina fatan zazzaɓin Fatihu ya sauka. Ni jiki da sauƙi, ina hawa bene ba tare da na tsaya ba.

Saƙonki ya iso. Kin ce yaro ne. Yaron da yake digiri na biyu a jami'ar da ke Lembah Pantai, mai gemu har ƙirji? Kin ce kullen korona ya matse shi, ya rasa abin yi. Wa ya ɗauko shi daga filin jirgi? A falon wa ya kwana har ya sami ɗaki? Da ya ce mini murhu yake so, da rabin duro zan yanka masa kafin azahar, in yi masa ƙafafu, in haɗa masa da raga.

Ya zo ban haƙuri, ya tsaya a bakin ƙofa da takunkumi a fuska. Wai an ce masa an sa mini robar iska, ba a sa ran zan tashi, shi kuma ya ga tsohon ƙarfe ne zai lalace a banza. Wai ƙarfen yana riƙe zafi sosai. Kin ji ban haƙuri! Ina kwance ina kokawa da numfashi, shi yana rabon gadona. Har ƙofofi ya huda a gindinsa don iska ta shiga. Rubutun da ya tsira daga yaƙi, ya tsira daga shekara saba'in da ɗoriya a rumbun wani manomi a Turai, kitsen rago ne ya cinye shi a bayan bene a unguwar Setapak.

Ya ce in bar masa zuwa bayan Babbar Sallah, don mutane sun riga sun yi odar gashi, daga nan ya wanke ya dawo da shi. Ya wanke! Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na dube shi kawai har ya gaji ya tafi.

Ki kwantar da hankalinki ta gefe ɗaya. Na san ba shi da izinin sayar da abinci, kuma na san kira ɗaya zai sa a tasa shi zuwa gida. Ba zan yi ba. Ba don shi ba, don Iya, da kuma ke. Amma kada ki ce in yafe. Abin da nawa ne zan ɗauka, a ranar da na ga dama.

Naki,
Ubale


Danau Kota
Bayan Sallah, 2021

Zuwa ga Ɗelu, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na ga hoton Zuhra da lalle, ta yi kyau, ta ɗauko goshinki. Na lura kin daina amsa kirana, to ga takarda, ki karanta in kin huce.

Na san Hambali ya riga ni ba ki labari, amma ki ji daga bakina. Da hantsi ranar Sallah na ari motar Ernest muka tafi tare. Na tarar ya jera nama a robobi, kowace da sunan mai ita, na ɗalibai, na malamai, har na wani mai shagon yadi a Jalan Masjid India. Ya barbaɗa yaji, ya zuba gawayi, yana neman ashana. Na yi masa barka da Sallah yadda ya kamata. Sannan na juye gawayin a ƙasa, muka ɗaga ƙarfena ni da Ernest muka sa a mota.

Ya biyo ni yana Yaya, Yaya, don Allah zuwa yamma kawai. Na tuna masa cewa shi ma bai jira tawa yammar ta yi ba. Shagunan walda duk a rufe suke saboda kulle, kuma mai walda ɗaya da ya sani a garin nan shi ne ni. An ce wuni ya yi yana bin benaye yana mayar wa mutane ɗanyen namansu a hannu, waya na ta ƙara a aljihunsa. Ba zan ɓoye miki ba, na ci abincin Sallah da daɗi.

Na haɗa rabin biyu. Ba zan kankare ƙonannen ba, ba zan fesa masa fenti ba, ba zan toshe hudojin ba. Na yi masa ƙafa ta ƙarfe na kafa shi a falo, gefe mai kyau yana kallon kujerata, baƙin gefen yana kallon tabarmar baƙi. Har yanzu in rana ta yi zafi sai ƙamshin ƙuli-ƙuli ya tashi daga jikinsa.

Ban hana shi gidana ba, ki gaya wa Iya haka. In an buɗe hanya kin dawo, dole ya zo gaishe da yayarsa. Zan karɓe shi hannu biyu, ki zuba masa tuwo ya ci ya ƙoshi. Wurin zamansa dai na riga na shimfiɗa masa.

Ki shafa mini kan yara. Ki taho mini da daddawa.

Mijinki har kullum,
Ubale