Dauɗar Wuyan Riga

Maman yara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen gidan Yaya. Tambaya gare ni. Wane sabulu kike saya? Tun da kika tafi wuyan rigunana ya yi baƙi ƙirin. Na zuba bilic ya koma rawaya, na sa dutsen guga dauɗar ta ƙara zama. Jiya manaja ya ce mai tarbar baƙi a otal ba zai tsaya masa a ƙofa da irin wannan wuya ba. Sunan sabulun kawai za ki rubuto.

Ki huta lafiya.
Baban yara

Baban yara,

Lafiya lau muke, tunda ka tambaya. Wato ba ni ka nema ba, sabulu ka nema. Ka manta abin da ya fitar da ni? A gaban abokanka ka ce ba abin da nake tsinanawa a gidan nan sai zama da barci, suka kwashe da dariya ina tsaye da tiren shayi. Wallahi har yanzu raina a ɓace yake.

Sabulun da ke gabanka ne, babu wani. Dauɗar kuwa maiƙon jikinka ne da gumi. Sabulun wanke-wanke nake ɗigawa a wuyan, in jiƙa a ruwan ɗumi, in bi shi da tsohon buroshin haƙori har yatsuna su ƙage. Buroshin nan da ka jefar, wai ina tara tarkace. Kuma wa ya ce maka ana guga a kan dauɗa?

Ka gai da sabulu.
Maman yara

Maman yara,

Bayan gaisuwa, na gwada. Riga ɗaya na yi, babban yatsana ya sale, bayana ya riƙe, ga sauran nan jibge a bokiti. Ashe haka ake fama? Na yi kuskure. Don Allah ki dawo, maganar ta tsaya tsakaninmu.

Mijinki

Baban yara,

Na gani, sannu da yatsa. Amma ba tsakaninmu ka yi maganar ba. Ka tara abokan nan a falo, ka ajiye bokitin a tsakiya, ka wanke sauran a gabansu. In ƙanwarka ta ce ta gani da idonta, zan dawo.

Ka duba bakin hannun rigar ma. Shi ma ba da kansa yake fari ba.

Sai na ji daga ƙanwarka.
Maman yara