Likkafanin Basha

Irbid, farkon watan Nuwamba

Zuwa ga sanyin idona, Ummu Ghais,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki da ta 'yarmu Tulin. Yaya gajiyar jinya, yaya kuma baƙunta a Istanbul? Ina fatan ciwon bayan ya lafa mata, likitoci kuma sun kusa tsayar da ranar da za su miƙar mata da ƙashin. Ni da mahaifiyata Hajja Wadha muna lafiya, sai dai gidan ya yi mana girma tun da kuka tafi.

Kin ce in riƙa turo saƙon murya kamar kowa. Ki yi haƙuri, Rudaina, mutumin da ya tsufa yana koyar da waƙoƙin Larabci ba ya iya zuba zuciyarsa a cikin waya. Zan rubuta da alƙalami, in ɗauki hoton takardar in turo miki.

Ki karanta wa Tulin wannan sashe. A filin jirgi ta riƙe hannun rigata ta ce, "Baba, zan dawo in tarar da Basha da rai, ko?" Na amsa mata da e, kuma ina nan a kan maganata. Ƙadangarenta mai gemu yana cikin ni'imar da ubansa bai gani ba a jejin Ostareliya. Da na dawo daga sallar asuba nake kunna masa fitilunsa biyu, ta ɗumi da ta hasken da ke ƙarfafa masa ƙashi. Sai ya hau dutsensa, ya baje ciki kamar gurasa, ya buɗe baki yana shan zafi. Ina yanka masa ganyen jarjir, irin na salak, da kabewa ƙanana, gyaren da yake ci kuma ina barbaɗa musu farin garin nan mai gina ƙashi kafin in sake masa su. Jiya ya fara saɓa a wutsiya. Na yi masa wanka da ruwan ɗumi, ban ja fatar ba, kamar yadda ta gargaɗe ni.

Hajja ce kawai ba ta karɓi baƙon ba. Ta same ni durƙushe ina farautar wani gyare da ya tsere ƙarƙashin kujera, ta tsaya a kaina ta ce, "Abu Ghais, kai da ɗalibai ke miƙewa su gaishe ka, kai ne ka koma baran ƙadangare? Wannan ai ƙanin tsaka ne, da takalmi ake yi musu maraba." Na ce, "Hajja, tsaka ba ta da gemu." Ta ce, "Bunsuru ma yana da shi, ban ga an ba shi limanci ba." Basha ya ji, ya hura gemun nan nasa har ya yi baƙi ƙirin. Na raba su da kyar.

Ga abin da na tsara masa da safen nan:

Baƙo daga nesa mai rigar ƙaya,
Ka hau dutse kamar ka mallaki duniya,
In ka kaɗa kai, ka amsa mini gaisuwa,
In ka yi shiru, kana jiran mai dawowa.

Ki kwantar da hankalinki, ki kwantar da nata. Ina gaida ku gaisuwar mai kewa.

Mijinki,
Mazin

Irbid, ƙarshen watan Nuwamba

Zuwa ga abokiyar rayuwata, Ummu Ghais,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina gaisuwa, ina tambayar kwananku da ƙarfin jikin Tulin. Na ji an sa ranar Alhamis don aikin. Allah ya sa hannun likitoci ya zama hannun waraka. Hajja ta riga ta gaya wa dukan matan unguwa, ba gidan da ba a yi mata addu'a.

Wannan shafin naki ne ke kaɗai. Ruwan sanyi ya sauka, mun fito da murhun kananzir, Basha kuma ya daina cin abinci. Ya bar dutsensa ya shige kogon itacen da ke akwatinsa na gilashi, ba ya fitowa sai na ciro shi. Gyare yana yawo a kan hancinsa, ko kallo bai ishe shi ba. Kada gabanki ya faɗi. Na duba shi da kyau: idonsa garau, bakinsa tsaf, gindin wutsiyarsa cike da ƙiba. Mara lafiya yana ramewa, wannan kuwa bai ragu ba. Zuciyata ta tsaya a kan cewa wani abu ne daga ɗabi'arsa wanda ban karanta ba tukuna. Hoton da nake tura wa Tulin na gaskiya ne, yana barci, kuma abin da na ce mata ke nan.

Abin mamakin yana wajen Hajja. Kwanakin baya, kafin ya daina ci, na dawo daga makaranta na tarar da ita zaune gaban akwatin gilashin, tana miƙa masa ganyen da ta tsinko a lambu da yatsunta, tana cewa, "Ci, ɗan marayan Allah, uwar ɗakinka tana can hannun Turkawa." Da ta gan ni sai ta miƙe ta ce wai ƙura take gogewa. Yanzu ita ce ke hana ni sakat. Ta lulluɓe akwatin da bargon ulu, ta ce in kira mai ruƙiyya. Na ce, "Hajja, ƙadangare ne fa." Ta ce, "Ido ba ya tambayar jinsi. Kai ne ka yi ta yi masa waƙa a gaban baƙi ba ko masha Allah."

Kin san ta da fassara komai. Shekaranjiya finjalin gahawa ya suɓuce mata ya fashe, ta ɗaga hannu ta ce ya tafi da sharrin da ke bin Tulin.

Akwai likitar dabbobi a cikin gari wadda ta san masu jan ciki, ranar Alhamis kaɗai take zama. Zan je da safe. Ba zan fitar da shi cikin wannan sanyi ba, na ɗauke shi a bidiyo ta kowane gefe. Gara ƙafata ta sami aiki a ranar, da in zauna ina kallon waya kamar mai gadin tukunya.

Ki sumbaci goshin 'yata. Ki ce mata ubanta bai taɓa shakkar ƙarfin zuciyarta ba.

Naki har kullum,
Mazin

Irbid, ranar Juma'a

Zuwa ga Rudaina, wadda ta tsaya a inda na kasa zuwa,

Assalamu alaikum. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya tashi 'yarmu daga barcin allura da ƙafafunta suna motsi. Ina gaishe ki da tsayuwar jiya, ina tambayar yadda ta kwana da zafin ɗinki. A waya kin ce muryata tana rawa fiye da taki, kin tambayi dalili. Ga shi.

Likitar ta kalli bidiyon, ta yi mini tambayoyi, sannan ta yi murmushi. Ta ce barcin sanyi ne. Irinsu idan rana ta gajarta sukan shige rami su kwanta har bazara, ba ci, numfashi kaɗan kaɗan. Ta ce in rage masa haske, in riƙa ba shi ruwa, in bar shi, in kuma kawo shi ta auna shi idan gari ya yi ɗumi. Na fito ina taka ƙasa kamar ango.

Na iso gida bayan azahar na ji ƙamshin gahawa marar sukari tun daga ƙofa, irin wadda ake dafawa a zaman makoki. Maƙwabcinmu Abu Saƙar yana zaune a falo, takalminsa duk taɓo. Akwatin gilashin an wanke shi tas, babu kowa a ciki. Hajja ta miƙo mini finjali ta ce, "Allah ya ƙara maka haƙuri, ɗana."

Ashe bayan fitata an ɗauke wuta. Fitilun suka mutu, ɗakin ya yi sanyi kamar randa. Hajja ta ciro Basha ta ji ya sandare, ta girgiza shi bai motsa ba. Ba ta yi wata-wata ba, ta naɗe shi da farin mayafinta da ta zo da shi daga Makka, ta sa shi a kwalin alawar baƙalawa, ta aika aka kira Abu Saƙar da fartanyarsa. Suka binne shi a gindin lemun tsami, don girmama mamaci shi ne a gaggauta rufe shi. Abu Saƙar ya ce, "Wallahi malam, har alƙibla ta sa na duba."

Na ajiye finjalin na ce a ba ni fartanyar. Nan Hajja ta tare ƙofar lambu da jikinta. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, Rudaina. Ta ce, "A daidai lokacin da suka shiga da yarinyar ya tafi. Fansarta ce. Ya ɗauke abin da aka nufo ta da shi. In ka tono shi, ka mayar mata." Tana faɗa tana kuka, a lokacin kuwa Tulin tana ƙarƙashin wuƙa, wayarki shiru.

Ba zan ɓoye miki ba, maganar ta taɓa ni. Wane uba ne zai ji haka bai tsaya ba? Amma na san abin da na sani. Na kama hannunta na sumbata na ce, "Hajja, ke kika koya mini cewa ajali ba ya kuskuren gida. Allah ba ya buƙatar ƙadangare kafin ya bar mana Tulin. Wannan kuwa rai ne muka rufe da ƙasa yana numfashi, za a tambaye mu." Ta ce, "In wani abu ya same ta fa?" Na ce, "To daga Allah ne, ba daga fartanya ba." Sai ta matsa gefe, ta zauna a kan matakala ta ja carbinta.

Abu Saƙar ya ce, "Ni dai na binne mutane da yawa, yau ne farkon da aka ce in maido." Na karɓi fartanyar na kwashe saman, sauran na tone da hannu don kada in sare kwalin. Sa'armu ƙasar ta jiƙe, gwiwar dattijon kuma ba ta bar shi ya zurfafa ba. Na warware mayafin. Basha yana kwance sanyi ƙalau, idanu a rufe, launinsa kamar toka.

Likitar ta riga ta gargaɗe ni kada a ɗumama irinsu da gaggawa. Na buɗe maɓallan rigata na kwantar da shi a kan ƙirjina, na rufa da kwat, na zauna kusa da Hajja. Ƙayoyinsa suna sukata, ni kuwa ina jira. Aka kira la'asar, na yi salla na dawo na mayar da shi. Can sai na ji haƙarƙarinsa ya ɗaga kaɗan ya sauka. Bayan wani lokaci farce ɗaya ya kama gashin ƙirjina. Na leƙa, na ga ido guda a buɗe yana harara ta, hararar wanda aka tasa daga barci mai daɗi.

Hajja ta gani, carbin ya tsaya a hannunta, fuskarta ta yi fari. Na san lissafin da take yi a zuci: in fansar ta dawo da rai, Tulin fa? Haka muka zauna, ita tana kallon wayata, ni ina kallonta, har rana ta sauka kan rufin maƙwabta. Sannan kika kira.

Da na maimaita mata maganarki, sai ta faɗi ta yi sujada a kan siminti. Ta ɗago ta share ido ta ce, "To tsaya kallona! Tun da wannan ɗan banzan ya ƙi tafiya, gobe ka nemo rago a yanka a raba wa mabukata, a yi abin yadda ya kamata." Ta karɓi Basha daga ƙirjina ta ce masa, "Kai kuma ka ci mini mayafi." Yau bayan sallar Juma'a aka yanka ragon.

Basha ya koma kogonsa, ya ci gaba da barcinsa a inda aka katse shi. Na saya masa abin ɗumi mai batir saboda ɗauke wuta.

An rufe ka da rai, ƙasa ta ƙi ta riƙe,
An kwantar da ita, ga ta nan za ta miƙe.

Kin ce da Tulin ta buɗe ido Basha ta fara tambaya. Ki ce mata yana nan da ransa, yana barcin da irinsa suke yi, zai tashi da bazara. Sauran labarin Hajja ta roƙe ni in rufa mata asiri, ni kuma ban yi mata alkawari ba. Ki adana wannan takarda har ɗinkin ya kame, don ina tsoron dariya ta farke aikin likitoci.

Hajja tana gaida ku, Abu Saƙar ma haka. Allah ya dawo mini da ku lafiya.

Mijinki mai jiran ganinku,
Mazin Abu Ghais