Laka a Ƙarƙashin Bod

Litinin, 7 ga Afrilu
Yau ma kwamfutar ta mutu ina tsakiyar katin bikin Sakinatu. Zafin bazarar Hadeja ba wasa ba, ita kuma akwatin da kamfani ya haɗo ta a ciki ba kafar shan iska. Na sa direban Kano ya taho min da sabon akwati, mai fanka uku da gilas a gefe. Ni da kaina zan kwashe kayan cikinta in mayar. Na kalli yadda ake yi a waya har na haddace.

Laraba, 9 ga Afrilu
Na faɗa wa Yaya Fatihu, tunda shi ya sayo min ita bara, lokacin da na sayar da tumakina. Yana ji ya ajiye cokali. Wai kada in kuskura in yage sitikar da ke bakin murfin, garanti zai lalace. Wai in bari ya kai wa wani yaronsa. Na ce, Yaya, ai garantin ya ƙare tun azumi. Sai ya ce mace da sukundireba, ina aka taɓa yi? Har Inna ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Akwati ya iso. Kai, ya yi kyau!

Juma'a, 11 ga Afrilu
Na buɗe ta bayan an sauko daga masallaci. Sitikar ma ba yagewa ta yi ba, ɗagowa ta yi salin-alin, da gam irin na 'yan makaranta a bayanta. Ban kawo komai a raina ba. Na zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya ina ɗaukar hotonsu, na zuba notina a murfin kwano. Da na ɗaga bod ɗin, wato babban allon da komai ke maƙale a jikinsa, sai ga laka.

Busasshiyar laka, ta ja layi a jikin ƙarfen daidai inda ruwa ya tsaya. Har da ɗan ƙanƙanin dodon koɗi a lungu, ga tsatsa ta ci ƙafafun notina. Ni da na tashi a gidan Kakanmu a Auyo za a nuna wa lakar kogi? Irin layin nan ne a bangon ɗakin Kaka tun ambaliya. Na shafa, na shinshina. Wallahi ita ce.

Sabuwa dal daga Kano, a kwalinta. Haka Yaya Fatihu ya ce min ranar da ya kawo ta, ni kuma na durƙusa har ƙasa ina godiya.

Asabar, 12 ga Afrilu
Shagonsa na kwamfutoci a Auyo ruwa ya ci lokacin ambaliya, kowa ya sani. Ya ce duk kayan ciki ya zubar. Har kuka na taya shi, banza da ni.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Na kai masa tsohon akwatin zaure, na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallo. Abin da ya fara fita daga bakinsa: "Ai tana aiki, ko ba ta yi?" Daga baya wai ya shanya ta sosai, wai da ya faɗa min da ban karɓa ba, wai a lokacin yana cikin wani hali. Na ce da ka ce min kana cikin wani hali, tumakin ma da kyauta zan ba ka. Ya ce in rufa masa asiri wajen Inna.

Ba lakar ce ta fi ci min rai ba. Gam ɗin ne. Sai da ya zauna, ya nemo gam, ya lallaɓa ya manna, saboda ni. Uwa ɗaya uba ɗaya fa!

Talata, 15 ga Afrilu
Na goge bod ɗin da tsohon buroshin haƙori. Ramukan notin kamfani ba su zo daidai da na sabon akwatin ba, huɗu kawai suka shiga, wayar makunni kuma sai da na yi ta gwaji. Na yi bismilla na danna. Fankoki suka juya, ta kawo. Na so in ruga in nuna wa wani, sai na tuna wanda na saba nuna wa. Na zauna na gama katin Sakinatu.

Inna ban faɗa mata ba. Ba don shi ba, don hawan jininta.

Asabar, 19 ga Afrilu
Ya aiko da mangwaro leda guda, na raba wa yaran maƙwabta. Muna gaisawa, ba gaba nake yi ba, Allah ya gani. Zancen in kai kwamfutar sabon shagonsa mu haɗa sana'a kuwa, na ce sai na yi shawara.

Ɗazu Inna ta tambayi wanda ya yi sallama a zaure. Na ce Fatihu ne. Ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Wa?" Na maimaita mata yadda na faɗa. Ba da gangan na yar da Yayan ba, bakina ne kawai bai ɗauko shi ba.